Katunan Injiniya

4 ga Maris

Baffa,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina fata kana lafiya, da ƙafar nan taka mai ba ka wahala, da ɗanka da iyalinsa. Mu nan da sauƙi, sai dai gajiya. Na san saƙon rasuwar Baba ya iske ka ta wayar ɗanka, kuma babu wanda ya ga laifinka da ba ka zo ba, tafiyar kwana biyu daga garinku na madatsar ruwa ba ta mai shekarunka ba ce. Na so in kira ka, sai na tuna yadda kuke yi da Baba a waya, shi yana ta ihu, kai kana ta cewa "to, to" a kan abin da ba ka ji ba. Shi ya sa na ɗauki biro kamar yadda yake yi maka.

Mun binne shi ranar Asabar. A bayan coci ya faɗi, da sifana a hannunsa, yana gyaran famfon da ya riga ya gyara sau ashirin. Likita ya ce bai sha wahala ba.

Ga abin da nake roƙo. Fasto ya sa sujadar tunawa da shi a Lahadin ƙarshe ta watan gobe, ya ce in rubuta tarihinsa shafi biyu in karanta. Na zauna na rubuta layi shida, biro ya tsaya. Soja ne, injiniyan gada ne, ya yi shekara talatin a hukumar ruwa, dattijon coci ne, mata ɗaya, 'ya'ya biyu. Iyakar abin da na sani game da ubana ke nan, kuma na ji kunya. Zancen yaƙi bai taɓa yi mana shi ba. Ko da yake dangantakarku ta nesa ce, kakanka da kakansa ne wa da ƙane, kai ne kuka yi soja tare, kai kuma yake rubuta wa wasiƙa duk wata. Ka taimaka mini da abin da ka tuna.

Mama ta yi shiru da yawa. Wani lokaci takan kira ni da sunan ƙanwarta, amma baƙin ciki ne, zai wuce. Na ɗauki hutun wata biyu daga makaranta don in zauna da ita, in kuma kimtsa gidan. Ka san halin ɗan'uwanka, ya cika bango da ƙofofi da ƙananan katuna, har jikin firji bai tsira ba. Gidan ya koma kamar ofishin hukumar ruwa. Zan share su in sa a yi fenti, ko Mama ta ɗan sarara.

'Yarka,
Malama

13 ga Maris

'Yata,

Salamar Ubangiji ta kasance da ke. Ƙafa tana nan yadda kika sani, kunne kuma ba a magana. Wasiƙarki ta zo yanzun nan, direban motar kayan da zai koma da amsa yana tsaye a kaina, in ya tafi kuma sai bayan mako biyu.

Kada ki taɓa komai a gidan nan. Ko takarda ɗaya kada ki cire, kada ki matsar. Akwai abin da ke tsakanina da Yaya, babanku, game da gidan, yana hannuna a rubuce, da sa hannunsa da nawa. Ki gaya wa ƙanenki shi ma. Cikakken bayani yana tafe.

Baffanki

25 ga Maris

Baffa,

Muna gaisuwa. Lafiyata ƙalau, ta Mama ce babu.

Na karanta wasiƙarka sau uku ina neman layin da ka yi mana ta'aziyya, ban samu ba. Na roƙe ka tarihin ubana, ka aiko mini da gargaɗi. Na nuna wa ƙanena, ya ce daman ya san za a rina, in mutum ya mutu sai dangin nesa su tuna da takardu. Ban so in yarda da shi ba, Baffa, amma me zan ce? In akwatin kayan aikinsa kake so, da teburin zane, ka faɗa, za mu ɗora maka a motar kayan. In kuwa gidan ne, matarsa tana da rai tukuna.

Ko ma dai mene ne, wasiƙar ta makara. Kwana goma kafin ta zo na riga na ɓamɓare katunan duka, na ƙone su da sauran tarkace a bayan gida. An yi fenti. Gidan ya yi fes.

Tun daga ranar kuma ban huta ba. Washegari da safe na iske Mama tsaye a tsakiyar baranda, ta jiƙa zanenta, tana tambayata cikin ladabi, kamar baƙuwa, ko masu gidan nan suna da banɗaki. Gidan da ta yi shekara arba'in a ciki. Ta sa butar shayi a firji. Shekaranjiya ta kunna gas ta tafi ta zauna, wari ne ya taso ni daga wanki. Maganinta in ban tsaya a kanta ba, ko ta sha sau biyu ko ta ƙi sha sam. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma ya yi nisa, ba na jiya ba ne. Na ce masa a watan jiya da na zo ita ta haɗa mana shayi da hannunta. Bai canja maganarsa ba.

Ƙanena ya yanke shawara. Bayan sujadar tunawa zai zo da mota ya ɗauke ta zuwa wurinsa, bene hawa na biyar, shi da matarsa duk suna fita aiki tun da safe. Da na gaya mata, ta kama hannun kujerarta ta ce ba inda za ta. Ni ma ba na so, amma hutuna zai ƙare, kuma na gaji, Baffa, na gaji har cikin ƙashi. In za ka aiko da takardar taka ka aiko, mu ga abin da ke ciki.

Malama

8 ga Afrilu

'Yata,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyyar da na bari a baya. Ubangiji ya ta'azantar da ku. Laifina ne, na rubuta da sauri kamar mai ba da oda a fili, na manta 'ya nake rubuta wa, mai makoki. Kayan aikinsa kuwa me zan yi da su? Hannun da ko maɓallin riga sai jikata ta sa mini? Ki gaya wa ƙanenki gidan ubansa na nan, ban taɓa mafarkinsa ba.

Kin nemi tarihi, to ga shi, kuma shi ne bayanin.

A yaƙi aikinmu share hanya ne. Abokan gaba su binne nakiya, mu mu tono, sannan sauran sojoji su wuce. Yaya shi ne shugabanmu, ni mai zane. Kafin ya sa hannu a ƙasa sai ya cire hula ya yi addu'a, har muka sa masa suna Faston Nakiya. Bai taɓa jin haushi ba, cewa yake mu ci gaba da dariya, amma mu tsaya a bayansa. In mun share wuri mukan kafa turaku mu ɗaura farin ƙyalle, don na baya su san inda za su taka.

Wata rana a wata kwanar hanya, turke ɗaya ya ɓuya bayan kurmi. Wani direba da ya kwana uku yana tuƙi ya sauko, ya duba bai hango ƙyalle na gaba ba, ya yanke ta inda ya ga ya fi kusa, ya taka nakiya. Ina taku goma daga wurinsa. Shi ya tafi, ni kunnena ya tafi. Babu wanda ya ɗora wa Yaya laifi, shi ya ɗora wa kansa. Daga ranar ya kafa mana doka: in ka tsaya a alama ɗaya, dole idonka ya hango ta gaba. Yakan ce shi ba don mai wayo yake sa alama ba, don wanda ya gaji yake sawa. Sunan direban nan yana cikin addu'arsa ta safe har ya mutu. Ku kun sha jin sunan, kuna tsammani wani ɗan'uwa ne.

Shekara uku da suka wuce ya rubuto mini cewa Mamanku ta ɓata tsakanin ɗakin kwana da kicin. Bai gaya muku ba, ya ce ke kina da ajinki, ƙanenki na da sabon aure, ita kuma ta roƙe shi kada 'ya'yanta su gan ta haka. Na yi masa faɗa a takarda, bai ji ba, ka ce shi ne kurman. Abin da ya yi shi ne ya zauna ya zana taswirar gidan kamar yadda muke zana hanya. Kati arba'in da uku, kowanne da lamba, kowanne daidai tsayin idonta, daga gado har ƙofar lambu. A aikinmu zane bai zama zane ba sai wani ya duba ya sa hannu, shi ya sa ya aiko mini. Duk wata in ta ƙara mantuwa sai ya gyara, ya aiko in duba. Wasiƙun da kike gani ke nan. Shayin da kika ce ta haɗa muku kafin rasuwarsa, katuna bakwai ne suka haɗa shi.

Takardar da na ce tana hannuna ke nan. Ba na gaya miki don ki zargi kanki ba. Wanda bai sani ba, tarkace zai gani. Na kwafe miki jerin abin da ke kan kowane kati, ga shi a ciki. Ki gwada.

Baffanki,
Kurma

15 ga Afrilu

Baffa,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Ban san da wane ido zan dube ka ba. Na karanta wasiƙarka a kicin, na dubi bangon nan mai sabon fenti, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi a makabarta ba. Ina jin haushin Baba da ya ɓoye mana, ina jin haushin kaina da na zo sau goma ban gani ba. Ni ce fa nake tsokanarsa, ina cewa saura ya manna wa Mama kati a goshi. Yakan yi dariya ya ce yana kan zanen.

Na gwada. Na kai jerin shagon buga takardu, aka buga da manyan baƙaƙe, aka sa musu leda, na manna. Mama ta bi ta gabansu kamar ba ta gan su ba. Na kama hannunta na nuna mata na ƙofar banɗaki, ta ce, "Wannan na gwamnati ne, ba ruwana." Na sake rubutawa da hannuna, ta karanta ta ce rubutun yana da kyau, wace yarinya ce ta yi? Amma ba ta bi ba. Rubutunsa take nema, irin baƙaƙen nan a tsaye masu kusurwa da yake yi da rula. Na birkice gidan ina neman ko kati ɗaya da ya tsira, babu.

Sai na lura da bayan ambulan ɗinka. Baffa, rubutunku ɗaya ne. Mama ta gan shi a kan tebur ta ɗauka ta ce, "Babanku ya rubuto?" Ta sa shi a aljihu, har yanzu yana wurinta.

Na san abin da nake roƙo, na kuma san abin da ka faɗa game da hannunka. Ƙanena ya sassauta kaɗan. Ya ce in ya zo ya ga da idonsa ta tashi ta yi wanka, ta sha magani, ta haɗa shayi ta kashe gas ba wanda ya ja ta, zai bar ta a gidanta, mu ɗauki wata gwauruwa daga coci ta zauna da ita. In ba haka ba, mota. An ɗaga sujadar zuwa Lahadi ta biyu a watan Mayu saboda Fasto zai yi tafiya. Kwanakin da muke da su ke nan.

Ka aiko da taswirar ma, don na ga alama ba a wurin da ya kamata na manna su ba.

'Yarka,
Malama

30 ga Afrilu

Baffa,

Gaisuwa. Muna nan yadda muke. Motar kaya ta zo ta koma, na je har tasha na tambayi direban, ya ce ba ka ba shi komai ba. Na kira ɗanka sau huɗu, wayar ba ta shiga.

In maganar da na yi maka a kan gidan ce ta tsaya maka a rai, ka yi gaskiya, na cancanta. Amma kada ka rama a kan Mama. In kuma ka ga abin da na roƙa bai dace ba ne, ka ce a'a, zan fara haɗa mata kaya. Na ma fara. Jiya na ninke zannuwanta a akwati, ta bi bayana ta fitar da su ɗaya bayan ɗaya.

Tarihin yana nan a layi shida.

Malama

3 ga Mayu

'Yata,

Salama. Jikina da sauƙi. Kin sake karanta shiruna ba daidai ba, ke da ubanki duk gaggawar yanke hukunci gare ku. Ban yi fushi ba. Ranar da motar ta zo katuna goma sha tara kawai na gama, kuma hanyar da aka sa wa alama rabi ta fi wadda ba a sa ba haɗari. Yanzu sun cika, ƙunshin katunan da taswirar na ba wani ma'aikaci da zai bi ta wajenku, ya yi alkawari zai kawo miki hannu da hannu.

Gaskiya kwana biyu na yi ban taɓa alƙalami ba. Yaya bai taɓa yin ƙarya ba ko a wasa, ni kuma ga ni zan ari hannunsa in yi wa matarsa magana. Na yi addu'a a kai. Abin da na tsayar shi ne, malami ɗaya ya koya mana rubutun nan a barikin horo, nawa ne kamar yadda yake nasa, ban kuma sa sunansa a ko'ina ba. Kati na ɗaya ne kawai na canja, na jikin ƙofar kabad, wanda take fara gani in ta farka. Shi ya rubuta, "Kina gidanki. Ina nan kusa. Dubi lamba biyu." Na cire maganar tsakiyar. Wannan ba zan iya rubutawa ba.

Kati uku nake yi a yini, wani lokaci biyu. Jikata tana danne mini rula, ni ina ja. Na ɓata kwali ya fi ɗari. Za ki ga layukan ba su miƙe kamar nasa ba, iyakar ƙoƙarina ke nan.

Ga yadda za ki yi. Ki auna daga ƙasa zuwa idonta, ba naki ba. Ki tsaya a kowane kati ki tabbata kina hango na gaba ba tare da kin juya jiki ba. Wurin da ya fi ba shi wahala shi ne kwanar baranda, tsakanin tara da goma, ki sa ido a nan. Na ashirin da shida, na kashe gas, da jar tawada yake, kada ki sa komai kusa da shi. In kin gama ki sa hannu a ƙasan taswirar, a gurbin mai dubawa. Ni yanzu na koma gurbin mai zane.

Batun tarihi, ki karanta musu layi shidan nan, gaskiya ne duka. In kina so ki ƙara na direban. Ina ganin ya isa a sauke masa shi.

Baffanki,
Kurma

12 ga Mayu

Baffa,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina fata hannun ya huta. Ni dai bayana ne ke ciwo, yini guda na yi ina sunkuyo da tef ɗin awo.

Ƙunshin ya iso ranar Alhamis. Na manna su yadda ka ce, na sa hannu. A kwanar baranda sai da na matsar da na goma sau uku.

Jiya aka yi sujadar. Na karanta layi shida, na ƙara na direban, na faɗi sunansa. Na ga tsofaffi biyu a baya sun sunkuyar da kai. Mama ta zauna tsaf, ta yi waƙoƙin duka ba ta duba littafi ba, sannan a hanyar gida ta tambaye ni bikin wa aka yi.

Yau da safe ƙanena ya zauna a falo da makullin mota a hannu, ni ina bakin ƙofar kicin, mun yi alkawari ba wanda zai yi magana. Muka ji ta tashi. Ta daɗe a gaban kabad, har na fara cire rai. Sai muka ji takunta. Ta shiga banɗaki ta fito. A kwanar baranda ta tsaya, ta ɗaga kai, ta wuce. Ta sha maganin safe ta mayar da kwalbar gurbinta. Ta ɗora ruwa, ta tsaya a kansa har ya tafasa, ta sa yatsa a kan jan katin tana karantawa a hankali, ta kashe gas. Kofi uku ta haɗa, ta kawo mana biyu. Na ukun ta ajiye a gefen teburin da Baba yake zama.

Ƙanena ya sa makullin a aljihu. Ya ce wata shida, sannan mu sake dubawa. Ya ce in gaishe ka, ya kasa haɗa ido da ni da yake faɗa. Gwauruwar za ta tare ranar Laraba, ni kuma in koma aji ranar Litinin mai zuwa, ƙarin hutun da aka ba ni ya ƙare. Na san ciwon ba ya komawa baya. In ta ƙara mantuwa zan gyara taswirar in aiko maka ka duba, in za ka karɓi zanen malamar firamare.

Saura abu ɗaya. Da muka gama shayi ta kira ni baranda, da sunana na gaskiya, ta nuna mini kati na goma. Ta bi layin da yatsa, inda tawadar ta karkace. Ta ce, "Kin ga hannun babanku ya fara rawa. Duk wannan wahala saboda ni. Ki ce masa ya bari haka nan, ya huta, ina ganin hanya."

Na ce mata zan faɗa. Ban san inda zan kai saƙon ba, Baffa, sai wurinka.

'Yarka,
Malama